Bokitin Wayoyin Malama Kubura

Wannan ba tatsuniya ba ce, don haka ku riƙe amsawarku, ku dai gyara zama. Mai labarin tana nan da ranta a Talata Mafara. In kun fito da hantsi kuna iya cin karo da ita, jaka a kafaɗa, tana sauri kamar wadda ta bar tukunya a wuta. Sunanta Kubura, 'yar Malam Tukur mai karatun zaure. Katangarmu ɗaya da gidan mahaifinta, shi ya sa rabin abin da zan faɗa muku na gani da idona, rabi kuma daga bakinta na ji.

Gidansu gidan karatu ne tun kakanni. Ana idar da sallar asuba zaure zai cika da manya, 'yan kasuwa da manoma da limaman ƙauyuka, kowa da littafinsa, kowa da inda ya tsaya jiya. Malam Tukur ba ya ƙara wa mutum ko layi ɗaya sai ya biya na baya, ya ji ya zauna daram. Kubura tun tana ƙarama take raɓewa a bayan ƙofar cikin gida tana saurare, har ta kai in wani dattijo ya yi tuntuɓe a karatunsa sai a ji wata siririyar murya daga ciki ta ƙarasa masa. Malam sai ya yi gyaran murya ya ce, "Inna, a bar ma mutane karatunsu." Inna yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci, bakinsa ba ya iya kama sunan.

Da ta girma ta yi makarantar koyon aikin lafiya, aka ɗauke ta a wani asibiti, aka jefa ta ɗakin kati. Ga wanda bai sani ba, ɗakin kati nan ne ake ajiye tarihin ciwon kowa: me ya kawo ka bara, me aka ba ka, me jikinka ya ƙi. Ɗaki ne da ba wanda ke so, sai ƙura da gara da yoyon damina. A nan wani abu ya faru da ya juya mata rayuwa. Akwai wata mata daga Garbadu da jikinta ba ya karɓar wata allura, an rubuta haka a katinta da jan biro. Ruwa ya zubo ta rufi ya mai da katin kunu. Da matar ta dawo aka buɗe mata sabo fes, aka yi mata allurar nan. Allah ya yi da sauran kwananta, ta tashi, amma Kubura ta ga yadda aka yi ta fama kafin numfashinta ya dawo. Tun ranar ta ce ita ba ta yarda ran mutum ya rataya a jikin kwali ba.

Ta shiga bincike har ta gano akwai ilimi guda sukutum na sarrafa bayanan lafiya da kwamfuta, kuma akwai wata jami'a can nesa da ke koyar da shi ta intanet, ba sai ka bar garinku ba. Lokacin ta yi aure, tana goyon na biyu. Mijinta Malam Hafiz malamin makaranta ne, da rani kuma yana noman albasa a fadamar Bakalori, mutum ne mai sanyin hali, ya ce in za ta iya bismillah. Sabis ɗin gidansu kuwa wani irin mai zaɓen wuri ne, ba ya shiga ɗaki, sai gindin darbejiyar tsakar gida. Nan ta kafa kujera, nan ta yi shekarun karatunta, yaro a baya, waya a hannu, kaji na zagaye ta. Ta gama da sakamako mai kyau, har jami'ar ta ɗauke ta ta riƙa koyar da aji ɗaya daga gida, bayan ta taso daga asibiti. Ajin na ma'aikatan lafiya ne na ƙasar Mafara da Bakura da Maradun, mutum goma sha huɗu, mata sun fi yawa.

Malam Tukur bai hana ba, amma bai gamsu ba. Wata rana ta je gaishe shi, bayan an gama ina kwana da ina gajiya da yaya yaran, ya dube ta ya ce, "Inna, wane irin karatu na wanga? Malami bai ga idon ɗalibi nai ba, ɗalibi bai san ko malamin nai mutum na ko aljani ba?"

Ta ce, "Baba, ina jin muryassu. Kuma ba ni ƙara ma kowa sai ya biya na baya."

Ya ce, "Uhm." Wannan uhm ɗin ta Malam mun san ta, ba ta nufin ya yarda.

Gaskiya ta faɗa kuwa. Jami'ar na turo darasi da Turanci, da hotuna masu cin data kamar wuta a busasshen kara. Ita sai ta zauna ta warware shi da Hausa a saƙon murya, ta tura wa kowa, ta ce a saurara a biya mata da baki, ba ta son a kwafo rubutu. Na sha jiyo ta ta saman katanga in ta zo gida tana ɗauka. Ga irin abin da take faɗa:

"Ku ji ni da kyau. Mutum guda, lamba guda. Uwa ta zo da ɗan fari nata, kun san ba ta faɗin sunan shi ko za a yanka ta. Yau ta ce Ɗan'inna, gobe kaka tai ta kawo shi ta ce Maigida, jibi uban ya zo ya ce Faisal. In kunka bi suna, kun haifi yara ukku cikin kwamfuta, ɗaya na da rigakafi, biyu ba su da. Kada ku matsa ma uwa, kunyatta ce, ku nemi lambar. Na biyu, wanda duk ya sake rubuta mini ɗaya ga Janairu don mutum bai san ranar haihuwa tai ba, ni da shi ne. Yo ƙasar Maradun duk rana guda anka haife ta? Akwai gurbin ƙiyasi, ku yi amfani da shi. Na ukku, lambar sirrinku amana ta. Ko ni na ce ku ba ni, ku ce Malama a'a."

Cikin ɗaliban akwai biyu da za ku riƙe. Hussaina, ma'aikaciyar ɗakin awon ciki a Faru, wadda in za ta turo biyawarta sai ta hau tudun bayan gari neman sabis, ga ta da ciki, ana jin iska da kukan shanu a cikin muryarta. Da kuma Sufyanu na Bakura, mai allurar rigakafi, mutum mai barkwanci, karatu na yi masa nauyi amma ba ya gajiya da maimaitawa. Shi ne ke buɗe saƙonsa da, "Malama, ga ɗan autan ajinki, a yi haƙuri da ni."

Ana cikin haka, a ƙarshen daminar 2021, aka wayi gari an katse layukan waya a jihar baki ɗaya saboda halin da daji ke ciki. Waɗanda suka zauna a nan lokacin ba sai na tuna musu ba. Waya ta koma tocila da rediyo. In kana son ka ji muryar ɗanka da ke Legas, sai ka hau mota ka nufi Sakkwato. Aka ce na ɗan lokaci ne, sai ga abu yana ta miƙewa. Mutane suka koma yadda kakanni ke yi, wato saƙo. Duk mai tafiya sai an ɗora masa: gaya wa wane kaza, ga wayata ka riƙe, in ta kama sabis saƙonnina su shigo ka dawo mini da ita.

Kowa ya ɗauka ajin Kubura ya mutu. Ita kuwa ta ce wa Malam Hafiz, "Layi anka katse, ba karatu ba." Ta nufi shagon Ɗantala a bakin tasha. Ɗantala magidanci ne mai gemu, sana'arsa cajin waya da sola da turi, wato ka kawo memori ya cika maka da wa'azi ko waƙa ko fim. Ta ce masa daga yau akwai sabon kaya a shagonsa. Ran hutunta takan hau motar Sakkwato ta sauko da darussa, ta dawo ta warware su da muryarta, ta kai wa Ɗantala. Shi kuma duk wanda ya zo daga Bakura ko Maradun ko Garbadu da memorin ɗalibi ƙulle a gefen mayafi ko cikin aljihun 'yar ciki, sai ya tura masa. Biyawar ɗalibai ma ta nan take dawowa. Har Ɗantala ya fara tsokanar masu zuwa sayen fim, yana cewa, "Ga wani sabo ya fito, Malama Kubura kashi na tara, babu waƙa amma akwai faɗa."

Sai jarrabawar ƙarshen shekara ta ƙarato. Abin da ya taimaka, tambayoyin sun riga sun sauka cikin manhajar jami'ar a wayar kowa tun kafin a katse layi, suna nan a kulle, sai ranar da aka sa za su buɗe. Ranar ta zo, kowa ya zauna a inda yake ya amsa, Hussaina a ɗakin awo a Faru, Sufyanu a Bakura, sauran kowa a garinsa. Manhajar ta rufe amsoshin ta riƙe, tana jiran sabis ta aika. An kuma sa wa'adi, wanda amsarsa ba ta isa ba kafin ya cika, shekararsa ta tafi.

To, mutum goma sha huɗu su bar ɗakunan shan magani a rufe su kama hanyar Sakkwato a irin wannan lokaci? Ba wanda ya ma kawo wannan tunani. Abin da kowa ke yi shi suka yi, suka aiko da wayoyin. Kubura ta kafa sharaɗi: kowa ya kulle tasa da lambarsa, kada wanda ya gaya mata, a dai bar data a kunne. Ɗantala ya cika su da caji. Ta naɗe kowace a safar yara don kada su goge juna, ta jera su a bokitin roba mai murfi, ta ɗora a cinya, ta shiga mota.

Sun yi nisa, mota shiru, kowa na jan carbi. Da suka doshi Sakkwato sai bokiti ya ɗauka. Wayoyi goma sha huɗu da suka yi makonni ba su sha iska ba suka farka lokaci ɗaya, wannan na kiran salla, wannan na kukan jariri, waccan na gurnani, bokitin har rawa yake a cinyarta. Wata tsohuwa a gefenta ta zabura ta ce, "Innalillahi! Ɗiyar ga, mi kika ɗauko?" Direba ya leƙo ta madubi ya ce, "Hajiya, in zuma ta a bokitin, a sammana." Mota ta kwashe da dariya. Ita ma ta yi ta dariya har da hawaye, don ta san a wannan lokacin amsoshin ɗalibanta ke tashi sama. Ta dawo gida da murna, ta mai da wa kowa wayarsa da albishir.

Ba ta san abin da ta ƙulla ba sai a tafiyarta ta gaba. Tana kama sabis ta tarar da saƙo daga Dakta Zaharaddini, shugaban sashensu, wai ta kira shi da gaggawa. Ta sami inuwa a bakin wani shago ta kira. Aka gaisa, ya aiki, ya iyali, ya muka ji da wannan hali, Allah ya kawo sauƙi. Sannan ya gaya mata. Kwamfutar jami'a ta ga amsoshi goma sha huɗu sun shigo a lokaci ɗaya daga wuri ɗaya, wurin kuma shi ne inda wayar malamarsu take. An riƙe sakamakon ajin duka. Kwamitin jarrabawa na tuhumarsu da satar amsa, da hannun malama a ciki. In ta tabbata, korarsu za a yi, a kuma rubuta dalilin a takardunsu.

Ta kwashe labarin bokiti ta gaya masa, tun daga safa har zuma. Ya saurara, har ya ɗan yi dariya, sannan ya ce, "Malama Kubura, ni na yarda da ke. Amma kwamiti ba ni kaɗai ba ne, kuma su abin da na'ura ta nuna suke gani."

Ta ce, "Dakta, na'urar lokacin da anka rubuta ta riƙe, ko lokacin da ya iso?"

Ya ce, "Lokacin isowa kaɗai."

"To ka ga."

"Na gani. Amma ga mafita, na yi magana da su. Ki rubuta cewa kin saɓa ƙa'ida da kika karɓi wayoyin ɗalibai. A soke jarrabawar a kan haka, ba za a ambaci sata ba. Su maimaita shekarar cikin rufin asiri, ke kuma aikinki yana nan."

Ta ce, "Allah shi saka da alheri, Dakta, na san taimako kake nufi. Amma ba ni rubutawa. Matar da ka hawan tudu da tsohon ciki don ta biya mini karatu, in koma in ce mata shekararta ta zube don aikina ya tsira? Ba su yi sata ba, kuma ba su maimaita shekara."

Ya ce, "Hajiya, to ya kike so a yi? Hanya ɗaya ce ta rage a doka, su sake zama a gaban kyamara muna kallonsu kai tsaye, kafin kwamiti ya zauna mako mai zuwa. Ke ma kin san wannan ba mai yiwuwa ba ne."

Ta ce, "Wa ya ce? Tun da kun ƙi yarda da wayoyin, ina kawo muku masu wayoyin. Ku shirya tambayoyinku."

Ta faɗa da ƙarfin hali, amma ta gaya mini cewa a motar komawa gida tambaya ɗaya ta dame ta. Yaya za ta tara mutum goma sha huɗu daga garuruwa daban-daban cikin 'yan kwanaki, babu waya? Ba ta wuce gidanta ba, ta sauka a gidan Malam. Ta same shi ya idar da la'asar, ta durƙusa ta gaishe shi, ta zayyana masa komai. Ta zaci zai ce da ma ya faɗa. Sai ta ga ya cire tabarau ya ajiye a kan buzu.

Ya ce, "Mi sunka ce kin koya musu?"

"Sata, Baba."

"A gidan ga?" Sannan ya ce, "Kakanki ya karantar, ni na karantar, ba a taɓa cewa ɗalibinmu ya ɗauki abin da ba nai ba. Ni ban san karatun naki ba, Inna, amma na san wadda ka bada shi. Gobe wace rana?"

"Alhamis."

"To jibi Jumu'a."

Da asubar Alhamis, bayan karatu, ya tsai da mutanen zaure. A cikinsu da waɗanda suka taɓa zama a gabansa akwai limamai da ladanai a kusan duk garuruwan nan. Ya rarraba saƙo, wanda zai bi ta Bakura, wanda zai kai Maradun a miƙa Faru, wanda ke komawa Garbadu. Ranar Juma'a bayan an sallame, a masallatai daban-daban, aka ji sanarwar da ba a taɓa jin irinta ba: ɗaliban Malama Kubura 'yar Malam Tukur su hallara tashar Mafara ran Litinin da sassafe, kowa da wayarsa da shirin jarrabawa, mazaje da iyaye a taimaka a ba da izini, maganar mutunci ce.

Ran Litinin na je tashar da kaina, don ban yarda a ba ni labari ba. Jama'a, ɗalibai goma sha huɗu aka kira, amma abin da ya taru ya fi ƙarfin mota ɗaya. Ita Kubura ta manta da abu guda, ba mai barin matarsa ko 'yarsa ta kama wannan hanya ba muharrami. Kowace ta zo da nata, wata da miji, wata da wa, wata da kawu. Hussaina ta iso da jariri a baya, ta haihu a tsakanin nan, ga kuma surukinta Baba Dikko, dogon tsoho mai sanda da buta, wanda ya taso ta tun daga Faru a kan babur yana faɗa da mai babur ɗin a kan gudu. Sufyanu ya zo idanu jajur, ya kwana a bakin aiki. Ana cikin neman mota ta biyu sai ga Malam Tukur da babbar riga, ya buɗe gidan gaba ya zauna.

Kubura ta ce, "Baba, ina za ka?"

Ya ce, "Kowa ya zo da nai, ke ba ki da uba?"

Malam Hafiz da ke tsaye da niyyar rakiya ya yi murmushi ya koma kujerar baya.

A Sakkwato ta riga ta kama wani ɗakin kwamfuta mai sabis mai ƙarfi. Aka jera ɗalibai, aka kafa kyamara, fuskar Dakta Zaharaddini da wasu mutum biyu ta fito a babban allo. Suka ga ɗaki cike da rawuna da sanduna. Ɗaya daga cikinsu, wata mata mai tabarau, ta ce doka ba ta yarda kowa ya zauna a ɗakin ba sai masu jarrabawa. Kubura ta juya ta yi wa dattawa bayani, aka fara fita ana gunaguni. Baba Dikko ya dogara sandarsa ya ce shi ba inda za shi.

"In bar matar ɗana cikin maza, in tahi ina? Amana anka ba ni."

Kubura ta ce, "Baba, ga mata nan tara tare da ita."

"Su ma ai amana na."

Aka yi ta fama. Daga ƙarshe Malam Tukur ya kama hannunsa ya ce, "Malam Dikko, zo mu zamna bakin ƙofa, mu ba su baya. Kunnenka na ciki, idonka na waje." Aka bar ƙofa a buɗe, aka shimfiɗa tabarma a dokinta, tsofaffin biyu suka zauna kyamara na kallon ƙeyarsu. Mai tabarau ta yarda da haka, sannan ta ce saura ɗaya, akwai wani a bayan waccan ɗalibar.

Kubura ta leƙa bayan Hussaina ta ce, "Ranki shi daɗe, wanga ko arba'in bai daɗe da yi ba. In ya san amsar, a ba shi shahada shi ma."

Har Dakta Zaharaddini sai da ya rufe baki da hannu. Amma doka doka ce, kuma ita kanta Kubura dole ta fita, don ita ake tuhuma. Ta kwance jaririn daga bayan uwarsa ta goya. Kafin ta fita ta tsaya ta dubi ɗalibanta. Wasu a ranar ta fara ganin fuskarsu, da murya ta san su.

Ta ce, "Ba ni roƙon ku ku fidda ni kunya, ba mu yi abin kunya ba. Abin da kunka biya mini, shi za ku biya musu. Sufyanu, sha ruwa."

Ya ce, "Malama, cikina har yanzu yana Tureta, bai iso ba." Mota ta juya shi tun a garin Tureta da ke kan hanya, ya yi amai har sau biyu.

Ta zauna a waje cikin mazaje da kawunnai tana jijjiga ɗan mutane, rana na hawa. Tana nan har aka tashi.

Sakamako ya fito bayan an maido da layi. Goma sha uku sun ci, Hussaina na cikin na sama. Sufyanu ya faɗi da ɗan kaɗan. Kwamiti ya janye tuhumar sata daga kan ajin duka, amma ya ce jarrabawa ta biyu ita ce abin lissafi, don haka Sufyanu zai maimaita shekara. Kubura ta kira Dakta Zaharaddini, ko gaisuwar ba ta ja da tsawo ba, ta tambaye shi ko Sufyanu ya ci ta farko. Ya duba, ya ce ya ci.

Ta ce, "To kun ce ba sata. In ba sata, ta farkon tai ce, da hannu nai ya rubuta. Don mi za a hukunta shi da amai?"

Ta rubuta, ta sake rubutawa, ta kira duk wanda ke ɗaukar waya a jami'ar nan har suka haddace lambarta. Ba ta sami duk abin da take so ba. An tsaya a kan zai sake wannan darasi ɗaya kaɗai, shekararsa ba ta zube ba. Ta ce ba ta gamsu ba, a rubuta cewa ba ta gamsu ba. Sufyanu da kansa ya zo har gida ya ce, "Malama, don Allah ki bar su haka, kada su kore mu duka saboda ɗan auta." Ta zaunar da shi ta sa ya biya mata darasin daga farko, ta ci gaba da yi masa haka duk mako har ya zauna ya ci.

Saura ita. Kwamiti ya ce duk da an wanke ɗalibai, malama ta karɓi wayoyinsu, wannan saɓa ƙa'ida ne, ta sa hannu a takardar gargaɗi kafin a ba ta sabon aji. Ta ce ba ta ga laifin da ta yi ba, ba ta buɗe wayar kowa ba, dako ta yi. Aka ce ba aji sai da sa hannu. Ta ce to a riƙe ajin. Haka aka raba ta da koyarwa a can. Ta ji zafin abin, ba ta ɓoye ba, ta yi kwanaki ba ta son magana. Yanzu tana nan a asibitinta, ita ke kula da shigar da bayanan majiyyata a kwamfuta, da yamma kuma tana koyar da wasu ma'aikatan ta waya a ƙarƙashin wata makaranta daban. Mutum goma sha huɗun nan kowa ya karɓi shahadarsa, babu tabo a takardar ko ɗaya.

Dakta Zaharaddini bai daina kiranta ba, mutumin kirki ne. Duk farkon zango sai ya kira. Kiran ƙarshe ina zaune ya shigo, ta sa shi a lasifika tana tsinke zogale. Suka gaisa, ya aiki, ya yara, ya jikin Malam. Sannan ya ce, "Malama Kubura, muna da sabbin ɗalibai daga wajenku, ba mu da wanda ya san hanyarsu. Takardar nan fa tana kan teburina, layi ɗaya ne kawai, ki sa hannu a wuce wurin."

Ta ce, "Dakta, a cire takardar, gobe in fara."

Ya ce, "Kin san ba ni da ikon cire ta."

Ta ce, "Ni ma ba ni da hannun sa mata. A gaida mutanen gida."